Gugan Baba

A ofis Injiniya suke ce mata, a gida kuwa Auta, ko da yake gidan ya daɗe da watsewa, masu kiranta da wannan suna ba su da yawa yanzu. Aikinta a ma'aikatar ruwa zama ne gaban allo. Ɗakin da aka ba ta yana can ƙarshen baranda, bayan inda ake jibge tsofaffin famfuna, tagarsa ɗaya ce, ita ma bangon maƙwabta take kallo. Tebur biyu ne a ciki, da fanka mai ƙorafi duk juyi ɗaya, da butar shayi ta lantarki wadda ba ta tafasa sai an danne murfinta da guntun bulo. Idan ta rufe ƙofar nan da safe, sau tari ba mai sake buɗe ta sai ita da yamma.

Ma'aikatar ta kakkafa ƙananan akwatuna a rijiyoyi da tankuna da bakin kogi, tun daga tsakiyar gari har unguwannin da kwalta ba ta san hanyarsu ba. Kowane akwati yana da farantin sola a ka, da 'yar eriya, da wata doguwar waya da ke sauka cikin ruwa. Abin da ke ƙarshen wayar ma'aikata sun raɗa masa suna harshe, don ɗanɗana ruwa ne aikinsa: ya ji gishiri, ya ji tsami, ya ji ko ruwan ya dagule. Akwatunan ba su da ƙarfin da muryarsu za ta kai ofis, saboda haka kowanne sai ya miƙa saƙonsa ga na kusa da shi, shi ma ya miƙa gaba, hannu da hannu, har ya iso allon Injiniya. A kan allon kowace rijiya layi ce shuɗi mai tafiya daga hagu zuwa dama. In layi ya kwanta, ruwa lafiya lau. In ya yi tsalle ya haye jan layin da aka shata a sama, sai ta ɗaga waya ta ce a hana mutane sha.

Akwati na ƙarshe ta gabas, wanda babu komai bayansa sai gonaki, yana kan rijiyar gidan mahaifinta. Ita ta sa baki aka kai shi can. Ba ta yi ƙarya ba da ta ce ana bukatar akwati a wannan gefen, ta dai ja bakinta ta tsuke game da mai gidan.

Baba tsohon kafinta ne, kunnensa ya yi nauyi saboda shekarun da ya yi kusa da injin yanka katako. Tun rasuwar Mama yake zaune shi kaɗai. Babban yayansu yana wata ƙasa, yayarta mace tana gidan aurenta can nesa, kuma babu wanda bai yi fama da tsohon nan a kan ya koma wurinsa ba. Shi kuwa amsarsa ɗaya ce, wai rijiyar da ya haƙa da hannunsa ba ta shiga mota. Auta ce ta fi kusa. Mota biyu za ta hau, ta ƙarasa da ƙafa, in ta yi sammako kafin azahar tana tsakar gidan.

Ba faɗa suka yi ba. Da faɗa ne ma da abin ya zo da sauƙi, sai a nemo mai shiga tsakani. Abin da ya faru shi ne, duk tsawon rayuwarsu Mama ce ke ɗauko maganar wannan ta kai wa wancan. Ita ce za ta ce, Babanki ya ce kin rame, ta juya ta ce, Auta ta ce ka rage hawa tsani, alhali su ukun suna zaune a inuwa ɗaya. Da Mama ta tafi, sai uba da 'ya suka tarar ba su taɓa koyon yi wa juna magana kai tsaye ba. A waya, daga lafiya lau sai lafiya lau, sannan kowa ya riƙe wayarsa yana sauraron numfashin ɗan'uwansa har ɗaya ya gaji. In ta je, zai shimfiɗa mata tabarma, ya koma gyaran wata kujerar da babu abin da ya same ta. Takan dawo da zuciya mai nauyi fiye da yadda ta tafi. Tun tana zuwa duk ƙarshen mako, ta koma duk wata, har ta kai ba ta da ranar zuwa sai mako mai zuwa.

Ana cikin haka ne ta lura da ɗan tudun. Kullum da sassafe layin rijiyar Baba yakan ɗan tashi, ba har ya kusanci jan layi ba, ya yi ƙusumbi kaɗan ya sake kwanciya. Da farko ta ɗauka harshen ne ya yi gansakuka, har ta kusa tura masu gyara. Sai wata rana tana zuba shayi abin ya faɗo mata a rai: guga ne. Baba ne ke jefa guga, ruwan ya motsa, ƙasan rijiya ya ɗan taso, harshe ya ji, akwati ya faɗa wa na kusa da shi. Ta ajiye butar ta tsaya tana kallon allon, ta ji wani daɗi ya cika mata ƙirji wanda rabonta da irinsa tun Mama tana da rai.

Daga ranar ta riga kowa zuwa ofis. Kafin mai shara ya gama baranda ta danne butarta da bulo, ta buɗe layin gabas, ta nemi tudun. In ta gan shi sai ta ce a hankali, ina kwana Baba, ta shiga sauran aikinta. A hankali ta iya karatunsa. Tudu biyu a jere, ranar wanki ce. In an tashi da sanyi tudun yakan makara, ta san gwiwarsa ce ta hana shi tashi da wuri. Wani ɗan ƙarami da la'asar kuwa na ban ruwan tumatirin da ya shuka a bayan ɗaki ne. Ta san Baba a kan allon nan fiye da yadda ta san shi a kan tabarma, ga shi ba sai ta nemo abin faɗa ba.

Idan yayyenta suka tambaya a zauren hirarsu na waya, sai ta rubuta cewa lafiyarsa ƙalau, yau ma ta gan shi da safe. Su kuwa su yi ta sa mata albarka, wai ita ce ke riƙe musu tsohon. Ba ta taɓa gyara musu fahimta ba. Ta gaya wa kanta ai ba ƙarya ta yi ba, kuma mutum in yana son ya yarda da kansa ba ya rasa hujja. Da yamma ta koma ɗakinta na haya a saman bene, ta dafa abincin mutum ɗaya a babbar tukunyar da ta gado daga Mama, ta ci a tsaye jikin taga. Kaɗaici yana damunta, ba ta musun wannan, amma tana jin aƙalla akwai mutum ɗaya a duniya da take fara yini da shi.

Tebur na biyu na Dogo ne, mai haɗa manhajar da ke zana layukan. Ba kullum yake zuwa ba, in ma ya zo, kunnuwansa a toshe da waya, ƙafafunsa sun miƙe har ƙarƙashin teburinta. Mutumin kirki ne, sai dai ya fi sakin jiki da kwamfuta a kan mutane. A wannan kam shi da Injiniya ba mai yi wa wani dariya.

Damina ta shigo da ƙarfinta a shekarar. Ruwan farko mai yawa ya kwana yana zuba, aka ce ya ci gefen gadar gabas, motoci sai zagaye. Washegari ta buɗe allo, sai ga tudun Baba a inda ya saba, tsaf da shi. Ta yi ajiyar zuciya. Kwanakin da suka biyo baya har mamaki ya riƙa ba ta, don tsohon ya zama mai kiyaye lokaci kamar ma'aikacin banki. Ko an tashi da sanyi, ko da ruwa, tudun ba ya makara, ba ya girma, ba ya raguwa. Ta ce a ranta lallai maganin gwiwar da Yaya ya aiko ya karɓe shi, har ta rubuta wa Yayan haka, shi kuma ya ce zai ƙaro wani. Ta lura an daina wanki, ta yi dariya ita kaɗai, ta ce Baba da ƙyuya, wa zai ga laifinsa, kaya ba sa bushewa a wannan yanayi.

Makonni suka wuce, aka sake tafka wani ruwan da ya fi na farko. Da safe allonta ya zama abin tsoro, layuka suna ta haye jan layi kamar awaki sun ga ƙofa a buɗe. Ta yi ta buga waya, unguwa bayan unguwa, a rufe wannan rijiya, a tura tankar ruwa can, har muryarta ta dushe. Da hantsi ya yi abin ya ɗan lafa, ta jingina da kujera, ta buɗe layin gabas don ta huta da ganin abu mai daɗi. Rijiyoyin hayin gada duk suna kwance lumui, ta Baba ta fi kowacce kyau, ga tudunsa na safe. Alfahari ya kama ta, ga Dogo a zaune, sai ta yi abin da ba ta taɓa yi ba. Ta taɓa kafaɗarsa ta nuna masa allon, ta ce ya ga aikin mutanen da, gari duk ya dagule amma rijiyar da mahaifinta ya haƙa ko gezau.

Dogo ya cire waya ɗaya daga kunne, ya ranƙwafo ya duba.

"Ai wannan ciko ne," ya ce.

Ba ta gane ba, ta ce ciko kamar yaya. Ya yi mata bayani yana hamma, irin bayanin abin da kowa ya sani. Akwatin da ke kan turken bakin gada shi ne ke karɓar saƙon duk akwatunan hayi ya haye da shi. Ruwa ya tafi da turken, saboda haka duk abin da ke bayansa ya yi tsit. Oga kuwa, shugaban ma'aikatar, ba ya son giɓi a allo, musamman da baƙi ke yawan zuwa duba aikin, ya ce allo mai giɓi kamar bakin tsoho yake. Shi ne ya sa Dogo ya koya wa manhajar cewa in akwati ya yi shiru, ta ɗauki abin da ya saba faɗa a kwanakin baya, ta daidaita, ta ci gaba da zanawa har a gyara. Da farko da ɗigo-ɗigo ake zana cikon don a bambance, Oga ya ce ɗigon ma jawo tambaya yake, a mai da shi layi kamar kowane. Masu gyara sun san da zancen gada, suna jiran a ba su sabon turke da mota. An faɗi duk wannan a taron ma'aikata. Dogo ya dube ta da kyau, sai a lokacin ya tuna ba ta wurin, don in za a kira taro ba kasafai ake tunawa da ɗakin ƙarshen baranda ba.

"Tun yaushe?" ta ce.

"Tun ruwan farko. Wallahi na ɗauka an gaya miki."

 Ta ce ya cire cikon yanzu, Oga ya zo ya same ta in yana da magana. Dogo bai yi gardama ba, ya danna abin da zai danna. Layukan hayi suka ɓace daga ranar ruwan farko zuwa yau, suka bar fari fat. Duk gaisuwar safiyar da ta yi a makonnin nan, da maganin gwiwa, da ƙyuyar wanki, a cikin wannan farin suke. Ta kira sashen tankoki ta ce a ɗauka duk rijiyoyin hayi sun ɓaci har sai an tabbatar, sannan ta kira Baba. Wayar a kashe take. Ta sake kira, kamar kira na biyu zai kunna ta. Ta ɗauki jakarta ta fita, ta bar butar tana tafasa, Dogo ne ya tashi ya kashe.

Motar farko ta yi ta tsaye-tsaye tana ɗaukar mutane har Injiniya ta ji kamar ta sauka ta tura ta. Ta biyu ta ajiye su nesa da gada, direban ya ce iyakarsa ke nan. An jera katakai a inda ruwa ya cinye, mutane suna hayewa ɗaya bayan ɗaya, masu kaya a ka suna salati. Daga kan katakon ta hango turken a kwance cikin laka can ƙasa, akwatin ya kifa, eriyarsa ta lanƙwashe, wani tsumma ya naɗe a jikinta. Mutane nawa suka wuce ta nan suna ganinsa, ba wanda ya san abin da ya ɗauke da shi. Ta haye, ta kama hanya da sauri, laka tana cire mata takalmi tana mayarwa.

Ƙofar gidan ta langalanga ce, da igiya ake jan sakatarta daga waje, ta ja ta shiga. Tsakar gidan shiru, ganye ya taru a bakin magudana. Rijiyar tana nan da murfin katakon da Baba ya yi mata, akwatin kuma yana kan wani turke da ya sassaƙa masa da kansa, har da 'yar rumfa don kada rana ta dake shi ta gefe. Koriyar fitilarsa tana ta ƙyaftawa. Yana nan da ransa, yana ta faɗin abin da ya ji, babu mai karɓa. Ta ɗaga murfin rijiyar, wari ya bugi hancinta, ruwan ya yi kalar shayi mai madara. Ba sai an gaya mata ba, ramin bayan gida na wani ne ya cika ya tsiyayo ta ƙarƙashin ƙasa. Gugan yana rataye a ƙusa ƙarƙashin rumfa. Ta taɓa igiyar ta ji ta a bushe ƙayau.

Ƙofar ɗaki a kulle take. Ta buga, ta kira Baba, ta buga da tafin hannu har ya yi zafi. Ta zaga taga, labule a sake. Ta fita da gudu zuwa gidan maƙwabta, nan ma kwaɗo ne a ƙofa. Ta dawo ta tsaya tsakiyar gidan ba ta san inda za ta sa kanta ba, sai hannunta ya yi abin da ya saba. Akwatin yakan adana abin da ya kasa aikawa, kuma in mutum yana kusa wayarsa tana iya karantawa. Ta durƙusa gabansa ta haɗa.

Layin gaskiya ya fito. Bayan ruwan farko da 'yan kwanaki ya fara hawa, ya haye jan layi, bai sake saukowa ba. A samansa ga tudun Baba kullum da safe, yana ɗibar wannan ruwan yana sha. Daga baya tudun ya fara makara, wata rana sai hantsi, wata rana sai rana ta take. Ya ƙanƙance, kamar gugan ba ya kai wa ƙasa da ƙarfi. Sannan ya ɗauke. Ta ja layin da yatsa zuwa dama, ta ja, ta ja, babu tudu ko ɗaya har zuwa yau. Ta zauna daɓas a jiƙaƙƙiyar ƙasa, tsoro ya rufe ta irin wanda ba ya barin mutum ya yi kuka.

Motsin ƙofar langalanga ne ya sa ta ɗago. Maman 'Yan Biyu ce, matar maƙwabcin, da kwano a rufe a hannu ɗaya da makulli a ɗayan. Ta dubi Auta daga sama har ƙasa, ta yi mata sannu da zuwa irin wadda gara a zage ka da ita. Auta ta tambaye ta ina Baba. Matar ta ce yana ciki, barci yake yi, ita ke kulle shi daga waje in za ta fita don kada ya tashi ya faɗi ba kowa.

Tana kiciniyar buɗe kwaɗon tana ba da labari, ba tare da ta kalli Auta ba. Gudawa ce ta kama shi, ta ƙi tsayawa. Tun ruwan ya fara wari ta ce masa ya bari, su sun koma sayen na tanka. Ya ce mata 'yarsa ce ke gadin rijiyar nan daga ofis, da akwai matsala da ta kira, hancin mutane ne kawai ke da tsegumi. Sai da ya kwanta sannan ya yarda ta riƙa kawo masa nasu, tana haɗa masa da gishiri da sukari. Ta ce a kai shi asibiti, ya ce a jira Auta. Ta ce to ya ba ta lamba ta kira, wayarsa ma ta mutu ba ya cajin ta, ya ce ba sai an kira ba, Auta ta sani. Matar ta tura ƙofar, ta ce ita dai ba ta shiga tsakanin uba da 'ya, amma tsohon nan ya sha kallon ƙofa. Auta ta ce don Allah ta nemo mata mota ko ta wace hanya za ta zagayo, asibiti za su yanzu. Matar ta ajiye kwanon ta fita tsakar gida tana latsa waya.

Ɗakin yana warin ciwo da man zafi. Baba yana kwance a gadon da ya ƙera tun kafin a haife ta, ya juyar da matashinsa ƙafa ta koma kai, yadda zai riƙa ganin ƙofa. Ya zube ƙwarai. Hannayen nan da ta sani masu kauri sun zama ƙashi da jijiya, idanunsa sun faɗa. Hasken da ya shigo ne ya tashe shi. Ya daɗe yana kallonta kafin ya tabbatar ita ce.

"Auta. Kin zo."

Ta durƙusa a gefen da kunnensa ya fi ji, ta kai bakinta kusa. Ta gaishe shi, ya amsa, ya tambaye ta hanya, ta ce lafiya. Ta ji suna shirin faɗawa cikin shirun da suka saba, ta ce a ranta yau kam a'a.

"Baba, me ya sa ba ka kira ni ba?"

"Na kira mana," ya ce. Ya numfasa, ya lashi leɓensa da ya bushe. "Ranar da kuka kafa abin nan, kin ce ko guga na jefa za ki gani. To, na daina jefawa."

Ta tuna. Tana tsaye ne a bakin rijiyar ranar, ta juya masa baya, tana ɗaure waya, ta faɗi maganar don kawai shirun ya yi mata yawa. A lokacin ita kanta ba ta san gaskiya ta faɗa ba. Bai amsa ba, ta ɗauka bai ma ji ba.

Ya ci gaba a hankali, yana hutawa tsakanin magana. Da ciwon ya fara, ya ce, yakan lallaɓa ya jefa gugan ko ba zai iya jawo shi cike ba, don kada ta ga shiru hankalinta ya tashi ta bar aikin mutane. Da ya ga abin ya fi ƙarfinsa sai ya rataye shi. Ya san ba zai iya ce mata ta zo a waya ba, bakinsa bai saba ba, amma wannan ya ga zai iya. Ranar farko ya sa Maman 'Yan Biyu ta share ɗakin, yana sa ran zuwan Auta. Da kwanaki suka yi ta wucewa sai ya ce wa kansa aiki ne ya yi mata yawa, damina ce, rijiyoyin gari ba ɗaya ba ne, ba dole sai tasa za ta riƙa dubawa ba. Babu zargi a muryarsa ko kaɗan, uzuri yake nema mata, kuma wannan ya fi yi mata ciwo.

"Ina dubawa, Baba," ta ce. "Kullum. Wallahi kullum da safe ina ganinka, kana jefa guga."

Ya kalli fuskarta. Goshinsa ya tattare, irin yadda yake yi in an kawo masa ƙofar da ta ƙi rufuwa yana neman inda ta karkace. Tambaya ce ta tsakani da Allah, so yake ya gane.

"To, wa kike gani?"

Ta buɗe baki za ta yi masa bayanin turke, da gada, da ciko, da Oga da baƙinsa. Duk gaskiya ne, kuma ta san zai karɓa, har ya ce Allah ya kyauta. Amma ta ji babu ɗaya a ciki da ya amsa abin da ya tambaya. Da allon lafiyarsa ƙalau ma, ba za ta zo ba sai guga ya tsaya.

"Ba kowa, Baba," ta ce.

Bai ji ba. Ya karkato kai, ya kai hannu bayan kunne. Dole ta ɗaga murya ta sake faɗa, da ƙarfi, har Maman 'Yan Biyu da ke magana da direba a tsakar gida ta yi shiru.

"Ba kowa nake gani ba."

Baba ya gyaɗa kai a hankali. Ya dafa katifa da gwiwar hannu, ya ja jikinsa da ƙyar zuwa bango, ya bar mata wuri a bakin gadon. Ta tashi daga durƙuson ta zauna, laka tana bushewa a ƙafafunta. Suka zauna suna jiran mota.